Yadda ake gane mai laifi idan kwamfuta tana yawan cinye had dis

Idan kwamfuta ɗaya ta cinye had dis, wato faifan ajiyar bayanai, biyu ko uku a shekara, a dakata da zuwa kasuwa tukuna. Na sha ganin yaran shago, da zarar Windows ta ƙi tashi sai su cire faifan su sa wani, su yi fomatin, su karɓi kuɗinsu. Bayan wata biyu mai kwamfuta ya dawo rai a ɓace, sai a ce masa ai madabod ce ta lalace, wato babban allon da komai ke haɗe a kansa. Ba a gwada komai ba, zato ne kawai. Tsakanin faifai da madabod kuwa akwai kebul ɗin SATA mai ɗaukar bayanai, akwai fawa fak mai ba su wuta, kuma a iya abin da na gani waɗannan biyun sun fi madabod yawan laifi nesa ba kusa ba.

Da farko kwashe kayan mutum daga faifan muddin yana buɗewa. Kada ka sa masa chkdsk, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, kafin ka kwashe. Faifan da ke gargara, idan ka tilasta masa karanta kansa daga farko har ƙarshe, yana iya cikawa a hannunka.

Sai ka sa manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. Tana karanto bayanan SMART, wato lissafin da faifai ke ajiyewa a kan lafiyarsa. Yawancin masu koyo launi kawai suke kallo: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja an gama. Launin nan ba ya isa. Sauka ƙasa ka dubi layukan da lambobinsu.

Layi na 05 yana ƙirga wuraren da suka lalace a jikin faifai har ya musanya su da na ajiya. C5 wuraren da ya kasa karantawa ne yana jiran ya ga abin da zai yi da su, C6 kuma waɗanda suka gagara gyara. Idan waɗannan ukun suna hawa, lalacewar tana cikin faifan kansa. Layi na C7 daban yake. Shi yana ƙirga sau nawa bayani ya gurɓace a hanya, tsakanin faifai da madabod. Faifai mai 05 da C5 sifili amma C7 ɗinsa na ƙaruwa, galibi lafiyarsa ƙalau, hanyar ce ta lalace: kebul, ko bakin da aka soka shi, ko ita madabod. Manhajar kuma ba ta sauya launi saboda C7, za ta nuna maka shuɗi kwamfuta tana ta sandarewa.

A kan C7 ɗin nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Wani mai shagon buga takardu ya kawo mini kwamfutarsa, na ga C7 ya tara lamba mai yawa, na sauya kebul, na sake dubawa, lambar tana nan. Na sauya kafa, wato ramin da ake soka kebul a madabod, tana nan. Sai na yanke hukunci cewa madabod ce, na sa bawan Allah ya sayi wata. Abin da ban sani ba a lokacin, C7 ba ya komawa sifili har abada. Ko ka gyara matsalar, lambar da ya tara tana nan daram. Faifan kuma na gwanjo ne, ya zo da lambarsa tun daga kwamfutar da aka ciro shi. Saboda haka girman lambar ba shi ne abin dubawa ba, motsinta ake dubawa. Rubuta ta a takarda, a takarda nake nufi, kada ka ce za ka riƙe a ka. Sannan ka ɗauko babban fayil, kamar gigabait 20 ko 30, ka kwafa shi cikin faifan, ka kwafo shi waje, sau biyu ko uku. Ka sake buɗe manhajar. Idan lambar ba ta motsa ba, tsohon tabo ne. Idan ta ƙaru ko da ɗaya ne, matsalar tana nan da ranta.

Wani tarkon kuma, manhajar tana nuna lambobin nan da lissafin goma sha shida, shi ya sa za ka ga haruffa a ciki. Abin da ka karanta 64 a zahiri 100 ne, 100 kuma 256 ne. Akwai wurin mayar da shi lissafin goma a cikin saitinta, ka fara da wannan.

Tunda kana wurin, leƙa layi na 09, awannin da faifan ya yi yana aiki. Shekara ɗaya cur awa 8,760 ce. Idan faifan da aka sayar maka a matsayin sabo ya nuna awa dubu talatin, ya yi fiye da shekara uku yana juyawa ba hutu. Mutum ya sayi irin wannan sau uku a jere, duk su mutu, ya ce kwamfutarsa ce ke cin faifai, alhali tsofaffi yake ta kwasowa. Dubi C0 ma, a yawancin faifai yana ƙirga sau nawa wuta ta yanke masa ba shiri. Inda ake ɗauke wuta sau biyar a yini a koma janareta, kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, za ta tara wannan lamba da sauri.

Yanzu sai musanye, kuma ƙa'idata ɗaya ce: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Wanda ya sauya kebul da kafa da faifai tare, ko matsalar ta tafi bai san wanda ya yi laifin ba. Fara da kebul, shi ya fi araha, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Ni mai ƙarfen maƙalewa a baki kawai nake sawa. Yi gwajin kwafi, dubi C7. Bai daina hawa ba? Bar sabon kebul ɗin, mayar da shi wata kafar SATA. Har yanzu? Cire faifan ka kai shi wata kwamfuta mai lafiya, ka haɗa shi kai tsaye da SATA, domin wasu akwatunan USB ba sa nuna SMART. Ka kuma kawo faifan da ka amince da shi ka sa a kwamfutar da ake zargi. Idan ciwon ya bi faifai zuwa sabon gida, nasa ne. Idan lafiyayyen faifai ya fara tara C7 a nan, na wancan kuma ya natsu a can, to laifin yana cikin akwatin nan.

Ko a nan ma kada ka taɓa madabod sai ka auna fawa fak. Babban faifai na inci 3.5 yana juya motarsa da bolt 12, allonsa kuma da bolt 5. Sa mitar auna bolt a filogi mai rami huɗu da ke fitowa daga fawa fak: wayar rawaya da baƙa su ba ka tsakanin 11.4 da 12.6, ja da baƙa tsakanin 4.75 da 5.25. Ka auna kwamfuta tana cikin aiki, lokacin kwafin nan, domin fawa fak mai rauni yana nuna daidai idan ba a ɗora masa kaya ba. Faifan da ke tsayawa ya sake tashi, kana jin ƙas sannan ƙarar juyawa, sau da yawa yunwar wuta ce. Idan kuma ka tarar da ɗan adaftan nan da ke mayar da filogi mai rami huɗu zuwa SATA, cire shi, masu arahar har narkewa suke yi.

Madabod takan yi laifi, ba a ce ba ta yi. A watan Janairun 2011 kamfanin Intel da kansa ya sanar da aibi a cif ɗin da ke kan allunan P67 da H67 na farko: kafofin SATA huɗu, daga ta 2 zuwa ta 5, suna lalacewa a hankali, ta 0 da ta 1 kuwa lafiya. Irin waɗannan tsofaffin allunan ba su ƙare a kasuwar gwanjo ba, gyaran kuma shi ne ka koma kafa ta 0. Haska tocila ka dubi kafasitoci, ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allo, wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa ya gama aiki. Taɓa kafar SATA ɗin da yatsa ka ji ko tana girgiɗi.

Idan SMART ya fito tas ta ko'ina amma fayiloli na ta lalacewa, bar faifai ka gwada RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, da manhajar MemTest86, ka bar shi ya kwana. A laftof babu fawa fak ɗin aunawa, siririn kebul ɗin da ke haɗa faifai da allo shi ne farkon abin zargi. Hure ƙurar hunturu, ka tabbata fanka na juyawa.

In duk kafofin sun gaza da lafiyayyen faifai, sabon kebul da fawa fak mai kyau, madabod ce. A kwamfutar tebur kana iya sa katin SATA a ramin PCIe, wato ramin ƙara kati da ke kan madabod, ka ci gaba da aiki, in ka samu katin da araha. In kuwa kafasitoci sun kumbura, kada ka ɓata kuɗin kati, sauya allon.