Kurakuran da aka fi yi wajen kare kwamfutar gida daga bairos

Da zarar mutum ya sayi kwamfuta, tambayarsa ta farko ita ce wane anti-bairos zai saka. An saka, alamarsa ta yi kore a kusurwar allo, shi ke nan hankali ya kwanta. Daga wannan kwanciyar hankalin yawancin sauran kurakuran suke tasowa. Anti-bairos yana kama abin da ya sani ne, ko abin da take-takensa suka yi kama da wanda ya sani. Wanda aka ƙirƙiro jiya zai iya sulale masa, kuma ba shi da yadda zai hana ka rubuta kalmar sirrinka da hannunka a shafin 'yan damfara.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne kashe sabuntawar Windows. Dalilan masu kashewa ba na banza ba ne: tana cin data, tana sa kwamfuta ta sake tashi ana tsakiyar aiki. Amma a duba abin da ya faru a watan Mayun 2017. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle fayiloli a kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300 ta Bitcoin kafin ta buɗe. Asibitoci da dama a Birtaniya sai da suka ɗage ganin likita da ayyukan tiyata. Ba ta jiran kowa ya danna komai, da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta wata ɓaraka da ke cikin Windows. Abin takaicin, tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wannan ɓarakar. Waɗanda suka bar kwamfutarsu ta sabunta kanta sun tsira, waɗanda suka yi ta danna "sai anjima" su abin ya ritsa da su. Gyaran mai sauƙi ne: shiga Windows Update ka kunna ta, ka zaɓa mata sa'o'in da ba ka aiki don ta riƙa sake tashi a lokacin. Burauza ma, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, haka, kada a bar ta a baya.

Akwai kuma masu riƙe da tsohuwar Windows saboda sabo. Microsoft ya daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuwa wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoban 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe za ta zauna, komai ƙarfin anti-bairos ɗinka. In kwamfutar ba za ta ɗauki Windows 11 ba, Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda ake sakawa a madadin Windows, suna tafiya lafiya a tsofaffin kwamfutoci.

Wasu kuma gani suke anti-bairos biyu sun fi ɗaya. Ba su fi ba. Kowanne yana son shi zai fara binciken duk fayil ɗin da aka buɗe, sai su yi ta karo, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokaci ɗaya ya ɗauki ɗayan a matsayin bairos. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu, Microsoft Defender, kuma ya ishi mai amfanin gida. In kwamfutarka ta zo da wani na gwaji wanda wa'adinsa ya ƙare yana ta damunka da saƙon biya, cire shi gaba ɗaya, sannan ka leƙa Windows Security ka tabbatar Defender na aiki.

Inda na fi ganin mutane suna kai kansu mahallaka shi ne manhajar da aka fasa, wato wadda ake sayarwa amma aka samo ta kyauta a wani lungu na intanet. Ka lura da umarnin da ke zuwa tare da ita. Kusan kullum akwai layin da ke cewa ka kashe anti-bairos kafin ka saka. Tamkar baƙo ne ya ce ka sallami maigadi kafin ya shigo gidanka, kai kuma ka sallame shi. Manhajar za ta iya yin aiki daidai, wannan ba ya nufin ita kaɗai ta shigo. Ana yawan liƙa mata abin da ke kwashe kalmomin sirrin da burauza ta adana. Mai buƙatar rubutu da lissafi ga LibreOffice, mai gyaran hoto ga GIMP, duk kyauta ne kuma halas, a sauke su daga shafinsu na asali.

"Ai in da bairos zan sani." Wannan tunanin zamanin da ne. Masu kutse na yanzu kuɗi suke nema, ribarsu kuwa tana cikin kada ka gane suna nan. A ɗaya gefen, nauyin kwamfuta ba lallai bairos ba ne, sau da yawa ma'adana ce ta cika ko manhajoji suka yi yawa wajen tashi. Shi kuwa saƙon da ke faɗo maka a burauza da jan rubutu, wani lokaci har da ƙara, yana cewa an gano bairos biyar ka kira wannan lamba maza-maza, shi ne damfarar da kanta. Shafin intanet ba ya iya binciken kwamfutarka haka. Rufe burauzar kawai, in ta ƙi rufuwa danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager mai nuna manhajojin da ke aiki zai buɗe, ka kashe ta daga can.

Wani ƙaramin abu da ba a kula da shi: Windows tana ɓoye wutsiyar sunan fayil, wato haruffan ƙarshe da ke nuna ko wane irin fayil ne. A shekarar 2000 bairos ɗin ILOVEYOU ya bazu ta imel da fayil mai suna LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Da aka ɓoye .vbs ɗin ƙarshe, sai mutane suka ga kamar rubutu ne kawai, suka buɗe. Har gobe ana amfani da dabarar, rasidi.pdf.exe da makamantansa. Shiga File Explorer, ƙarƙashin View, ka kunna nuna wutsiyar fayil.

Masu Mac kada su yi dariya. A 2012 wani bairos mai suna Flashback ya kama Mac kusan 600,000.

Sai masu cewa ba su da abin da za a sata. Imel ɗinka kaɗai ya isa, domin ta nan ake sake kalmar sirrin kusan duk sauran asusunka. In kalma ɗaya kake amfani da ita ko'ina, ranar da aka fasa shafi ɗaya an buɗe duka. Ka ba imel kalmarsa ta daban, doguwa, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato a nemi wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri kafin a shiga. Na'urar da ke raba intanet a gida ma a canza mata kalmar da ta zo da ita daga kamfani. Da irin waɗannan kalmomin wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tara dubban na'urori da kyamarori a 2016, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka, masu na'urorin ba su ma sani ba.

Game da ajiyar kwafi kuwa, kwafin da ke wata folda a kwamfuta ɗaya ba ajiya ba ce. Haka ma ma'adanar waje ko filash da aka bari a jone dare da rana, domin manhajar neman fansa tana kulle duk abin da ta tarar a haɗe. Ka kwafa, ka zare, ka ajiye a gefe. Lokaci-lokaci kuma ka jona ka buɗe fayil ɗaya ko biyu, ka tabbatar suna buɗewa.