Babi na 7: Idan Mai Ɗauke-ɗauke Ya Saba da Shagonku

Kafin mu fara, kowa ya tanadi sabon littafi mai layi, da biro, da rula. Littafin nan na wannan aiki ne kaɗai. Kada ku haɗa shi da littafin bashi, kada yara su yi zane a ciki. Wanda hannunsa bai gama sabawa da biro ba, kada ya damu. A hankali za mu bi, kuma rubutun ba shi da yawa.

Darasi na 1: Ku fara tabbatarwa kaya na ɓacewa

Masu shago da yawa sukan ce ana yi musu sata, amma in an tambaye su me aka ɗauka, guda nawa, yaushe, sai su yi shiru. Saboda haka da ƙirga za mu fara.

Ba duk kayan shago za ku ƙirga kullum ba, za ku gaji ku daina. Ku zaɓi iri 5 kawai, waɗanda suke ƙanana, masu tsada, masu shiga aljihu ko jaka cikin sauƙi. Da safe, kafin ku sallami mutum na farko, ku ƙirga su ku rubuta. Duk wanda kuka sayar a cikinsu, ku ja ɗan kara ɗaya a gaban sunansa. In karan sun kai huɗu, na biyar ku gicciya shi a kansu, don ƙirgar dare ta yi sauƙi.

Ga misali da gwangwanin madara:

Da safe akwai 24.
An kawo ƙarin 12. Sun zama 36.
An sayar da 15.
36 a cire 15, saura 21.

To, 21 ya kamata ku tarar a kan kanta da dare. Kun ƙirga kun sami 19, biyu babu ke nan.

Kada ku yi saurin cewa sata ce. Ku leƙa bayan kanta ko sun faɗa can. Ku tuna ko kun ba wani bashi ba ku rubuta ba, ko ɗaya ya lotse kun ware shi, ko wani daga gida ya ɗauka bai faɗa ba. Sai duk wannan ya fita, kuma ɓatan ya maimaitu a kaya iri ɗaya, sannan za a ce akwai hannu.

Wani zai ce gwangwani biyu ai ba komai ba ne. Mu yi lissafi. Idan ribarku kashi 1 ce cikin 10 na kuɗin da kuke sayarwa, gwangwani ɗaya da aka ɗauke sai kun sayar da 9 kafin ku mayar da uwar kuɗinsa. Biyu kuwa sai kun sayar da 18. Cinikin yinin nan na guda 15 bai ma rufe ramin ba.

Darasi na 2: Yadda ake tsara littafin

Ku buɗe shafi na farko. Ku kwantar da rula daga sama zuwa ƙasa, ku ja layi uku a tsaye. Layi uku suna ba da gida huɗu. Ku ƙirga da yatsa ku gani: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Gida na huɗu, wato na ƙarshe ta hannun dama, ku bar shi da faɗi fiye da sauran, don shi ne zai ɗauki magana.

A saman gida na farko ku rubuta RANA. Na biyu LOKACI. Na uku KAYA. Na huɗu ABIN DA NA GANI.

Rana ana rubuta ta da lamba uku, da ɗan layi a karkace tsakaninsu: kwanan wata, sai wata, sai shekara. 4/3/2025 na nufin ranar 4 ga wata na 3, wato Maris, shekarar 2025. Ku lura, a Amurka wata suke fara sawa kafin kwana, kuma wasu wayoyi da kyamarori a haka suke zuwa. Ku dai ku riƙe tsari ɗaya, kwana a farko kullum.

Lokaci kuma ku duba agogo ko waya. Za ku ga lamba biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu: ta hagu ita ce awa, ta dama minti. 5:40 na nufin biyar da minti arba'in. Ku ƙara "na safe" ko "na yamma". Kada ku rubuta "da yamma" kawai, yamma tana da tsawo.

A gidan kaya, sunan abu da adadinsa: madara 2.

Darasi na 3: Gida na huɗu

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Wanda bai gane a karon farko ba, ba laifi, ya sake karantawa.

A gida na huɗu abin da idonku ya gani kaɗai ake rubutawa. Abin da zuciya ta raya muku ba ya shiga, abin da maƙwabci ya faɗa muku ma ba ya shiga. Ga rubutu biyu:

Na farko: "Ɓarawon nan ya sake zuwa ya yi mini sata."

Na biyu: "Namiji dogo, riga shuɗiya, baƙar jaka a kafaɗa. Na ga ya ɗauki madara 2 ya sa a jaka. Ya biya kuɗin abu ɗaya kawai ya fita."

Na farkon ba ya amfanar kowa. Bai faɗi kamanni ba, bai faɗi abin da hannu ya yi ba, fushi ne kawai aka zuba a takarda. Na biyun kuwa ko wanda bai taɓa shiga shagonku ba zai karanta ya gane abin da ya faru.

Kafin ku ɗora biro, ku tambayi kanku abu huɗu. Na ga lokacin da ya ɗauka daga kanta? Na ga inda ya sa? Idona ya bar kansa daga nan har ya zo biya? Na ga ya wuce bai biya ba? Ta ukun ita ce mai wuya. Mutum yana iya ɗaukar abu ya canza shawara ya ajiye a wata kanta yayin da kuke ba wani canji. In idonku ya ɗauke ko na ɗan lokaci ne, ku rubuta haka: "Na ga ya ɗauka, ban ga inda ya ajiye ba." Wannan ma rubutu ne mai kyau, domin gaskiya ne.

Idan kuma ba ku ga komai ba, ƙirgar dare ce ta nuna ɓata, ku rubuta: "Ban ga kowa ba. Ƙirga ta nuna babu 2." Kada ku cike gurbin da sunan wanda kuke zargi. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma sunan mutum in ya shiga littafi a matsayin ɓarawo, fitar da shi da wuya.

Mu gwada. Wanne ne ya dace da gida na huɗu?

(a) Matar nan dama ba ta da gaskiya.
(b) Na ga ta sa ƙunshi ɗaya a ƙarƙashin mayafi.
(c) An ce min shi ne yake yi wa shagon gaba.
(d) Mutum biyu suka shigo tare, ɗaya ya sa na juya baya in ɗauko abu a sama.

Amsa ita ce (b) da (d). Wanda ya zaɓi (c), ya sake duba farkon jimlar: "an ce min". Kunne ne ya ji, ido bai gani ba.

Sai batun yaushe ake rubutawa. Nan take. Mutumin na fita, ku sallami wanda ke gabanku, ku ɗauki biro. Ba bayan an rufe shago ba, ba gobe da safe ba. Zuwa dare mutum nawa ne suka wuce ta gabanku? Rigar shuɗiya ta koma koriya a ƙwaƙwalwarku, biyar da arba'in ta koma "wajen shida". Littafin ya zauna kusa da inda kuke ajiye kuɗi, biro a ɗaure da zare a jikinsa.

Haba jama'a, wannan fa shi ne abin da nake ta faɗa a aji, amma har yanzu ana kawo min littattafai gida uku a cike, na huɗu babu komai, ko kuma an rubuta "ɓarawo" da manyan baƙaƙe an ja layi a ƙasa. Wasu kuma su ce ai suna riƙe da komai a ka. Ba ku riƙe ba. In da kai yana riƙewa, da ba ku zo kuna tambayar ko ranar Talata ce ko Laraba ba. Rubutun bai fi layi biyu ba, ko da kuskuren baƙi a ciki ba wanda zai yi muku dariya. Ku rubuta abin da ido ya gani, ku rubuta shi nan take.

Ga ribar wahalar. Bayan 'yan makonni ku karanta gida na farko da na biyu daga sama zuwa ƙasa. A ce kun ga 4/3, 11/3, 18/3, duk Talata, duk tsakanin 5:30 da 6:00 na yamma, duk baƙar jaka. Yanzu kun san ranarsa da lokacinsa da abin da yake so. Mai maimaita sata yakan koma inda ya ci nasara, a lokacin da ya san hankalinku a rabe yake. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma littafin nan ne zai nuna muku wace rana ce taku.

Darasi na 4: Gyaran shago

Ku zauna inda kuka saba zama ku duba: wane lungu ne ba ku gani daga nan? A can ake yin aikin. Kayan nan 5 da kuke ƙirgawa, ku ɗauke su daga can ku mayar bayanku, inda sai an tambaya za a samu. Wurin biyan kuɗi ya kasance kusa da ƙofa, yadda ba mai fita sai ta gabanku. Kada ku tara kwalaye su fi tsayin kafaɗa a tsakiyar shago. Ku sa fitila a lungu mai duhu, ku rataya madubi a kusurwar sama.

Duk wanda ya shigo ku dube shi a fuska ku gaishe shi. Mai saye na gaskiya zai ji daɗi, mai ɗauke-ɗauke kuma ya san an gan shi. In mutum biyu suka shigo tare, ɗaya yana ta aiken ku sama da ƙasa, ku ce masa ya ɗan dakata ku sallami ɗayan tukuna.

Darasi na 5: Ranar da kuka gani da idonku

Ku sassauta murya. Ku ce: "Malam, akwai guda biyun da ke cikin jaka, in haɗa da su a lissafi?" In babba ce: "Hajiya, kamar kun manta da wanda ke hannunku." Kun bar wa mutum ƙofar biya ko ajiyewa ba tare da an tara masa jama'a ba, kuma da yawa a nan suke ajiyewa.

In ya musa, kada ku sa hannu a aljihunsa ko jakarsa, kada ku kulle shi a ciki, kada ku bi shi da gudu ku bar shago a buɗe. Ba ku san abin da ke jikinsa ba. Kada kuma ku yi ihun ɓarawo. Taro in ya haɗu ba ya jin "ya isa", ana iya rasa rai a kan gwangwani biyu, kuma ku za a fara tambaya.

Wanda littafi ya nuna ya maimaita, ku gaya masa a gaban shaida ɗaya: "Daga yau kada ka ƙara shigo min shago." Sannan ku rubuta rana da lokacin da kuka faɗa masa, da abin da ya amsa. A gida na huɗu, nan take.

Darasi na 6: Hukuma da kyamara

In ya ci gaba da dawowa, ku kai ƙara wurin 'yan sanda da littafinku a hannu. Dokar kowace ƙasa daban ce, ku tambaye su abin da ta yarda mai shago ya yi.

Mai kyamara ya daidaita agogonta da na littafi. Yawancinsu suna goge tsohon hoto in ma'ajiyarsu ta cika, don haka ku kwafe na ranar da wuri. Kada ku sa fuskar mutum a Facebook ko WhatsApp.

Darasi na 7: Yaro da mai yunwa

In yaro ne, ku nemi iyayensa, ban da duka. In kun ga yunwa ce ta kawo mutum, ku ce masa ya riƙa tambaya, abin da kuka iya ku ba shi. Shi ma a rubuta.

Aikin gida: ku ja layukan shafi biyu, ku ƙirga kaya 5 safe da dare har mako ya zagayo, ku zo da littafin aji na gaba. Gida na huɗu zan fara dubawa.