Yadda nake wanke dada na da magarya da tsamiya

Shekara huɗu kenan da na bar gashina ya zama dada, ƙanana ne, suna ƙarƙashin ɗankwali ba kowa ya san da su ba sai 'yan gidanmu da ƙawaye na kusa. Tambayar da aka fi yi mun in an gani ita ce wai ana wanke shi kuwa? A nan Katsina da an ce dada abin da ke zuwa ran mutane ƙazanta ne, kuma wannan magana tana mun ciwo dan na san yadda nake wahala da kan nan. Ana wanke shi mana, sai dai wankinsa daban yake da na kitso ko sakakken gashi, shi yasa na ce bari in rubuta yadda nake yi ko wata 'yar uwa ko ɗan uwa zai amfana, har da iyayen da Allah ya ba yaro mai dada tun haihuwa.

Abu ɗaya za ki riƙe kafin komai. Dada kamar soso yake, duk abin da ya shiga cikinsa ba ya son fitowa. Gashin da ake tajewa in kin shafa abu, gobe matajin zai kwashe saura, shi kuwa wannan babu mataji, abin da ya maƙale ya maƙale kenan. Dan haka duk haɗin da za ki zuba ya zama ruwa ne tatacce wanda zai shiga ya fita, sannan kan ya bushe har ciki.

Na koyi wannan ne da wahala. Farkon da na fara, na ji ana yabon ganyen magarya sai na kwaɓa garin da kauri kamar zan ƙunsa lalle na lafta a kai. Da na ɗauraye sai ga kore-koren gari ya cika cikin kowane sili, na zuba ruwa ya fi bokiti uku bai fita ba. Kwana biyu Inna na zaunar da ni a tabarma tana tsince mun da tsinke tana faɗa, "ke ɗiyar nan, ko kamu ai sai an tace kafin a dama, balle abin da za ki sa a kai." Tun ranar ƙyallen tatar kamu ya zama cikin kayan wankin kaina, na ware guda ɗaya na shi daban.

Toh ga yadda nake haɗa ruwan magaryar yanzu. Busasshen ganye nake saye wurin masu kayan gargajiya a 'Yar Kutungu, in kina da bishiyar kusa ma ki tsinko ki shanya a inuwa ki daka. Cokali uku na garin, babban cokali na cin abinci, a ruwan ɗumi lita 1. Ki kaɗa da maburgi sosai za ki ga 'yar kumfa ta taso sama, ba irin ta sabulu ba amma tana wanki, ganyen yana da sinadari mai kumfa a jikinsa shi yasa tun da can ake wanka da shi. Ki bar shi ya jiƙu kamar minti 30 sai ki tace da ƙyalle, ki sake tacewa karo na biyu, kar ki matse ƙyallen da ƙarfi dan garin mai laushi zai bi ta ciki. In kin ɗaga kofin a haske kika ga gari na yawo, ki ƙara tacewa, babu gaggawa. Ni cikin gorar ruwa nake zubawa in huda murfin da ƙusa, ya fi sauƙin kai shi gindin gashi.

Wajen wankin, ki fara jiƙa kan da ruwan ɗumi ya jiƙu sharkaf, dada yana ɗaukar lokaci kafin ruwa ya ratsa shi. Sai ki bi layi layi kina tsiyaya ruwan magaryar a fatar kai kina murzawa da tafin yatsu, banda farce. Fatar kan ita ce mai dattin, can gumi da maiƙo suke taruwa. Silin kuma kar ki cuɗa su kamar kina wankin zane, ki kama kina matsawa kina saki daga gindi zuwa baki, ruwan ya shiga ya fito. Ki bar shi minti biyar ki ɗauraye, ki ci gaba da ɗaurayewa kina matsawa har ruwan da ke fita ya zama garau. Nan ne mutane suke gajiya su tsaya, kuma nan ne aikin yake, ni ɗauraya tana cin mun lokaci ninki biyu na wankin kansa.

Magarya ita kaɗai ba ta iya wa kan da ya sha mai ko ya sha ƙurar hunturu. In na ji kan ya yi nauyi, kamar sau ɗaya a wata, sabulun salo nake sawa. Amma dan Allah kar ki goga curin sabulun a kan dada, yana da ɓurɓushin toka a ciki kuma yana liƙewa. Ki gutsuri kamar girman goro ɗaya ki jefa a ruwan zafi rabin lita tun dare, da safe ya narke, ƙurar ta kwanta a ƙasa, ki tsiyaye na saman ki tace. Shi wannan yana kumfa sosai, kaɗan ya isa.

Yanzu maganar ɗauraya ta ƙarshe wadda ita ce ta gyara mun kai. Fatar kai da gashi suna da ɗan tsami-tsami a halittarsu, a ma'aunin tsami da ake kira pH wajen 5 suke, shi kuma sabulu yana wajen 9 zuwa 10, wato kishiyar tsami ne. Shi yasa bayan sabulun salo gashi ke yin kaushi kamar tsintsiya. Ga kuma ruwanmu, da yawa na rijiya ne ko na burtsatse da 'yan ga-ruwa ke kawowa, in ya zama mai zartsi sai ya haɗu da sabulun ya bar wani farin abu, irin wanda kike gani a jikin bokiti, to shi ne fa yake zama cikin dada ya mai da shi toka-toka. Abu mai tsami ke narkar da shi. Tsamiya nake amfani da ita, sili uku ko huɗu in jiƙa a ruwan ɗumi kofi ɗaya kamar za a yi kunu, in tace sau biyu, sannan in sirka da ruwa lita 1. In kin ɗanɗana ki ji tsamin kaɗan ne a harshe, in ya kama miki haƙori ya yi yawa ki ƙara ruwa. Ki zuba a hankali, ki rufe ido dan yana da zafi, ki bar shi minti uku sai ki bi da ruwa mai kyau sosai, tsamiya tana da ɗan zaƙi da danƙo ba a barin ta a kai. Wadda take da khal na tuffa cokali biyu a lita 1 ya yi, aiki ɗaya suke yi. Da damina kuwa ki tari ruwan sama mai tsabta ki ajiye, babu ruwan da ya kai shi daɗin wanke kai.

Karkashi fa? Iyayenmu da shi suke wanke gashi kuma yana sa laushi gaskiya, amma yauƙinsa warware gashi yake yi, dan haka in dadarki sabuwa ce ba ta kai wata shida ba ki haƙura da shi tukuna zai kwance miki aiki. Wanda ya kama ya yi ƙarfi babu laifi jefi-jefi, a tace shi da kyau. In kan yana ƙaiƙayi ko amosani ya dame ki, ki tafasa ganyen bedi cikin hannu ɗaya, ya huce, ki tace ki zuba a fatar kan kafin ɗaurayar ƙarshe. Amma in ƙuraje ne masu ruwa, ko gashi na zubewa wuri guda kamar makero, musamman ga yara, wannan na asibiti ne kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Kanwa, omo, sabulun wanki, ki nisanta su da kanki. Na san akwai masu cewa kanwa na fidda datti, tana fiddawa amma tana cin gashin har ya fara tsinkewa daga gindi. Basilin da kakin zuma da man kaɗanya mai kauri su ma ba na dada ba ne, suna daskarewa a ciki ƙura ta bi ta liƙe. Ina son man kaɗanya a jikina amma a kai ɗan man zaitun ko man ridi nake ɗigawa a yatsa in shafa a fatar kawai, shi ma ba kullum ba.

Sai shanya, wallahi wannan ya fi komai. Akwai ranar da na wanke kai da la'asar ina saurin zuwa kamun wata ƙawata, na taɓa sama na ji ya bushe na ɗaura ɗankwali na ɗora mayafi. Washegari da na kwance wani wari ya bugo ni irin na wankin da aka manta a bokiti ya kwana, sai da na yi wanki uku da tsamiya kafin ya bar ni, kuma na ji kunya sosai dan abin da mutane ke faɗa a kan dada ne na jawo wa kaina. Danshi ne ke zama a tsakiyar silin ya yi funfuna. Dan haka da safe ake wanke dada, ranar da ba ki da fita. Ki matse ruwan da hannu, ki naɗe da tsohuwar riga ta auduga mai duhu, tawul yana barin zare-zare a jiki. Ki zauna tsakar gida inda iska ke kaɗawa ki baza shi, lokaci lokaci ki raba gindin da yatsa dan kar biyu su haɗe su zama ɗaya. Gwajin shi ne ki kama sili mafi kauri na ƙeya ki matse da ƙarfi, in kin ji sanyi a yatsa bai bushe ba. Da zafin Afrilu awa biyu zuwa uku ya ishe ni, a watan Agusta kuwa sai ya cinye wuni, wani lokacin sai na zauna gaban fanka in an kawo wuta.

Wata ta taɓa tambayata batun wankan tsarki, ko dole sai an warware. Hadisin Ummu Salama ya nuna ba sai mace ta kwance kitsonta ba dan wankan janaba, abin nema ruwa ya kai fatar kai, kuma a dada yana kaiwa in kin zuba kin murza da kyau. Ƙarin bayani ki tuntuɓi malamai. Nawa dai shi ne ko da dare kika yi wankan kar ki kwanta da shi a ɗaure, ki matse ki baza a kan filo da busasshen zane a ƙasa.

Ni duk kwana bakwai zuwa goma nake wankewa, da hunturu nakan ja shi zuwa sati biyu dan fata na bushewa, sai dai in rufe kan sosai saboda ƙura. Ruwan magaryar da na tsamiyar kuma ki haɗa daidai na ranar, in ya kwana biyu a zafin garin nan lalacewa yake, wanda ya rage ki zubar ki wanke ƙyallen ki shanya.