Yadda ake ɗaukar taimlaps na faɗuwar rana a Kano, da inda za ka ajiye motarka

Taimlaps shi ne bidiyon nan da kake ganin gajimare na gudu, rana ta zurma bayan gari cikin daƙiƙa 20, fitilu su kama ɗaya bayan ɗaya. Hotuna ne ɗaruruwa da aka ɗauka daga wuri guda, da tazara iri ɗaya, aka jera su. Danna maɓallin ba wuya. Wahalar aikin a birni irin Kano ita ce faɗuwar rana tana zuwa daidai da tashin kasuwa da kiran magariba, kuma ba ta jiran kowa. Rabin aikin ana gama shi ne tun kafin la'asar.

Mataki na 1: San inda rana za ta faɗi

Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, shi ya sa rana take sauka kusan a miƙe, duhu ya biyo ta da sauri. Bayan ta ɓuya, hasken da ya rage mai amfani bai fi na minti 20 zuwa 25 ba. A watan Nuwamba takan faɗi wajen ƙarfe shida, a Yuli kuwa sai gab da bakwai. Jadawalin lokutan sallah da ke wayarka ya ishe ka: lokacin magariba shi ne lokacin faɗuwar rana.

Ba kullum take faɗuwa a yamma sak ba. A Yuni tana karkata arewa da kusan digiri 24, a Disamba ta karkata kudu da kamar haka. Wurin da ya ba ka rana a bayan hasumiya da damina ba zai ba ka ita a nan da hunturu ba. Manhajoji irin PhotoPills da Sun Surveyor suna zana layin a taswira, amma zuwa wurin kwana ɗaya kafin ranar aiki ya fi kowace manhaja.

Batun yanayi kuwa, ni na fi son ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba. Ruwa ya wanke iska, gajimare na nan, kuma gajimare ne ke sa taimlaps motsi. Da hunturu hazo kan haɗiye rana tun ba ta kai ƙasa ba. Za ka samu jan faifai mai kyau na ɗan lokaci, daga nan sai toka-toka.

Mataki na 2: Zaɓi wuri

Idan kana son gini ya fito baƙi a gaban jan sama, tsaya gabas da shi, wato ka ba alƙibla baya. Haka za ka yi da babban masallacin Juma'a da ke kusa da Gidan Rumfa, ko da ɗaya daga ƙofofin ganuwa, inda ababen hawa ke wucewa su ba ka jan layin fitilu. Idan kuwa faɗin gari kake so, Dutsen Dala ne. Daga samansa tsohon birni yana shimfiɗe a ƙarƙashinka, ga Goron Dutse can ta yamma.

A saman Dala akwai ladabin da ba ya cikin littafin kyamara. Gidajen da ke ƙasa tsakar gidansu a buɗe take, iyalan mutane ne a ciki. Yi amfani da lens, wato gilashin gaban kyamara, mai ɗaukar fili da faɗi, kada ka jawo gidan kowa. A kewayen fada kuma ka yi sallama da dogarai ka faɗi abin da ya kawo ka kafin ka kafa komai. Ofisoshin jami'an tsaro da gidan gyaran hali ka kau da kyamara daga gare su. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi sai da izinin hukuma a Najeriya, ka bar shi a gida.

Mataki na 3: Wurin ajiye mota

Nan ne ake asarar haske. Lungunan cikin birni an yi su ne tun ba a san mota ba, kuma daga ƙarfe biyar hanyoyin da ke kewaye da Kurmi da Kantin Kwari sukan cika maƙil. Ka iso da sa'a ɗaya da rabi kafin magariba: rabin sa'a na neman fakin da tafiya a ƙasa, sauran na shiri.

Kada ka nace sai ka kai mota gindin dutse. Ajiye ta a babban titi, inda ka ga motoci a jere da mai gadi, ka ƙarasa da adaidaita sahu ko a ƙafa. Tambayi mai shagon da ke kusa, “Malam, don Allah nan ana ajiye mota zuwa bayan magariba?” Shi ya san ko ƙofar garejin wani ce, ko wurin da masu shayi da masu tsire ke kafa teburinsu da dare. Wannan na biyun mutane ba sa lissafa shi: filin da yake wayam da ƙarfe huɗu zai iya zama kasuwa da ƙarfe bakwai, motarka a tsakiya. Gaban masallaci ma haka, sahu kan fito har waje.

Kada ka tsaya a kan kwana, ko bakin shataletale, ko ƙarƙashin gada, don 'yan KAROTA, jami'an kula da hanya na Kano, suna kama masu fakin ba bisa ƙa'ida ba. Jakar kyamara da kwamfuta su shiga but tun daga gida, ba a gaban jama'a ba. Riƙe canji don mai gadi, ka ɗauki hoton inda ka ajiye, domin lungun da ka shiga da rana wani abu ne daban a duhu. Ranar Juma'a da ranakun hawan sallah, motar ma ka bar ta.

Mataki na 4: Kafa kyamara da lissafi

Sandar kyamara mai ƙafa uku dole ce. A saman dutse akwai iska, sai ka rataya jakarka a tsakiyar ƙafafun don ta yi nauyi. Daga nan babu mai taɓa ta, har kai.

Lissafin mai sauƙi ne. Bidiyo yana cin hotuna 25 a kowace daƙiƙa. Idan ka sa tazarar daƙiƙa 3 na tsawon minti 45, hotuna 900 ke nan, bidiyon daƙiƙa 36. Ga gajimare mai gudu da zirga-zirgar titi, daƙiƙa 2 zuwa 3 sun fi daɗin kallo, idan sama a kwance take kuma 5 ta isa. Hoton RAW ɗaya, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, kan kai megabayit 25, don haka 900 za su ci fiye da gigabayit 22. Duba memori da batir tun a gida.

Yaushe za ka fara? Miƙa hannunka ka dunƙule shi tsakanin rana da ƙasa. Dunƙule ɗaya kamar digiri 10 ne, wato saura minti 40. In ta sauko rabin haka, fara. Ka bar mata fili a dama, don tana ɗan karkata dama wajen sauka.

Sa fokas da hannu a kan gini mai nisa ka kashe na atomatik, in ba haka ba zai yi ta lalube da duhu ya shigo. Ma'aunin launi ma ka tsayar da shi a kan hasken rana, don na atomatik yana wanke jan da ka zo nema. Wanda bai saba ba ya sa kyamara a Av, yanayin da kai ne ke zaɓar faɗin ƙofar haske, ya sa ƙofar a f/8, ISO (ƙarfin jin haske) a 100, ya bar ta ta riƙa tsawaita shota da kanta, wato lokacin da take ɗauka tana shigar da hasken kowane hoto. Abin lura ɗaya: kada tsawon shota ya wuce tazarar da ka sa, in ya matso sai ka ɗaga ISO.

Mai waya ba a bar shi a baya ba. Tecno da Infinix da iPhone suna da Time-lapse a cikin kyamara, Samsung na kiransa Hyperlapse. iPhone kan matse duk abin da ka ɗauka zuwa daƙiƙa 20 zuwa 40. Sa wayar a yanayin jirgin sama, kira ɗaya yana iya katse aikin. Jona ta da fawa banki, ka cire mata riga idan da bazara ne, ka danna allon ka riƙe har fokas ya kulle.

Mataki na 5: Magariba

Mafi kyawun minti goma sha biyar suna zuwa ne bayan an kira sallah, lokacin da sama ke komawa shuɗi, fitilun gari na kamawa. Yawancin mutane a nan suke naɗe kaya, su rasa shi. Maganin abin shi ne ku je ku biyu da alwalarku da darduma, kyamara na aikinta, ɗaya ya yi sallah ɗaya na gadi, sannan ku sauya. Tafiyar mutum biyu ta fi aminci a saman dutse, musamman da batun ƙwacen waya. Ku sauko kafin duhu ya rufe, da tocila a hannu.

Mataki na 6: Haɗawa

Bidiyon waya ya riga ya haɗu, manhajar CapCut ta isa ka gyara launi ka yanke. Hotunan kyamara kuwa sai ka shigar da su manhajar haɗa bidiyo ta DaVinci Resolve, wadda take da sigar kyauta, za ta karanta su a jere a matsayin bidiyo guda. Idan haske yana ƙyaftawa tsakanin hoto da hoto, abin da Av kan jawo, manhajojin LRTimelapse da Lightroom suna daidaita shi. Ajiye asalin hotunan a wani wuri daban, don kwafin da ya bi ta WhatsApp an matse shi, ba ya gyaruwa.