Darasi na 9: Ciwon zuciya ba na maza kaɗai ba ne

Karatu

Wata ɗalibarmu ta ajin karatun manya a nan Damagaram ta haihu, na je barka ranar suna, sannan na sake komawa bayan sati uku don shirun ya yi yawa. Na tarar da ita zaune bakin gado, an tara mata matasai uku a baya. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ta shiga. Ta ce mini, "Malama, a zaune nake kwana. In na kwanta sai in ji kamar an aza mini dutsen niƙa a ƙirji, sai tari, sai haki."

Uwar mijinta tana gefe tana dama kunu. Ta ce, "Ai jego ne, Malama. Mu ma haka muka yi namu. Ta riƙa shan kunun kanwa da zafinsa, ruwan zai sauka."

Na danna yatsa a ƙaurin mai jegon, wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Na ce, "Inna, don girman Allah a kai ta likita yau." Maigidan yana Kasuwar Dole, sai an jira izininsa da kuɗin kabu-kabu. Haka aka yi ta gobe-jibi har kwana biyu. Da aka kai ta, aka ce tsokar zuciyarta ce ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Ta yi watanni tana shan magani, Allah ya ba ta sauƙi, yanzu ta dawo aji.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a wannan gidan ne bara maigidan ya dafe ƙirji bayan azahar, kafin a kira la'asar har an kai shi likita. Ba mugunta ba ce ta sa aka bar matar. Kowa a gidan yana ƙaunarta. Sai dai mun taso muna ganin ciwon zuciya na alhazai ne masu tumbi, mace kuwa in ta yi haki a ce gajiya ce, in ta kumbura a ce jego ne, in ta ce zuciyarta na bugawa da sauri a ce tunani ne ko kishi, ta yi haƙuri.

Ciwon zuciya da na hanyoyin jini ya fi kowace cuta kashe mata a duniya. Cikin mata uku da suka rasu, kusan ɗaya shi ne sanadinta. Har a Turai da Amurka likitoci sun yarda cewa an yi shekaru ana gudanar da mafi yawan bincike a kan maza, don haka alamun da aka fi koya wa mutane na maza ne.

Yadda yake zuwa wa mace

Idan hanyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji shi ne alamar da aka fi gani, a namiji da mace duka. Amma mace sau da yawa abin yakan zo mata da wasu abubuwan da ke ruɗar mutane: numfashi ya riƙa yankewa, tashin zuciya ko amai, ciwo a tsakanin kafaɗu ko a wuya ko a muƙamuƙi, zufa mai sanyi, da wata irin gajiya da ba aiki ne ya jawo ta ba. Sai ta ɗauka ƙwannafi ne, ta jiƙa kanwa ta sha, ta koma bakin murhu. Idan irin wannan ya zo miki farat ɗaya, kuma kin zauna bai lafa ba, kada ki jira gari ya waye.

Ciki da jego

Nan ne mu matan Hausa ya kamata mu fi buɗe kunne. Raunin zuciya irin na ɗalibarmu yakan kama mace a watan ƙarshe na ciki ko cikin watanni biyar bayan haihuwa, ko da ba ta taɓa ciwon zuciya ba. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan masu jegon da ake kawo musu da kumburi da haki, suka danganta abin da kunun kanwa, da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya nuna da yawa daga cikin matan suna da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyam, na Kano kuma ya ƙara nuna rama da hawan jini na lokacin ciki.

Ban zo in zagi al'adar iyayenmu ba, don kula da mai jego suke nufi. Amma kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa, zuciyar da ta riga ta gaji kuwa ba ta buƙatar ƙarin kaya. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko take haki, a ɗauke mata kanwa a kai ta likita. A ba ta abinci mai gina jiki, wake, ƙwai, nama, kifi, zogale, gwargwadon abin da gida ya samu. In an tabbatar mata da wannan ciwo, kada ta sake ɗaukar ciki sai ta shawarci likita, don wani cikin na iya tayar da shi.

Mai ciki kuma, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa bayan wata biyar, alamun hawan jini ne da kan kai ga jijjiga. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sanya awon ciki ya zama kyauta a likitocinta, kuma a wurin awo ne ake gano wannan da wuri. Wadda ta taɓa yin hawan jini da ciki ta ci gaba da auna tansiyonta, wato hawa da saukar jininta, ko bayan ta yaye, domin hatsarin ciwon zuciya a gaba ya fi yawa gare ta. Haka ma wadda jinin al'ada ya ɗauke mata, da mai ciwon sukari.

Ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ga yaro, in ba a yi masa magani ba, yana iya lalata ƙofofin zuciya a hankali. Yarinya takan girma da shi ba a sani ba, sai cikin fari ya fito da shi fili.

Mu karanta karne

Buɗe karnenki, wato littafinki na likita, ki nemi inda aka rubuta lamba biyu da ƴar sanda a tsakani. A likitocinmu za ki ji an ce "tansiyonki sha biyu da takwas", a rubuta 12/8. Wasu na'urorin kuma 120/80 suke nunawa. Duk abu ɗaya ne, sifiri kawai aka cire. Idan ana auna ki a ranaku daban-daban ana samun 14/9, wato 140/90, ko sama da haka, hawan jini ne. Yawanci ba ya ciwo, mace tana daka tana ɗiban ruwa da shi, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Wadda aka ɗora a kan magani kada ta daina don ta ji garau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ki haɗa lissafin da dunƙulen Maggi da kanwar da kike jefawa a miyar kuka da wake. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano.

In kin shiga gaban likita kada ki tsaya ga "jikina ne ba daɗi". Ki faɗi abin da kike ji, da ranar da ya fara, ki ce, "Don Allah a auna mini tansiyo, a saurari zuciyata." Ku kuma maza ƴan aji, ku bar izini da ɗan kuɗin kabu-kabu a gida kafin ku fita, musamman in iyali na da tsohon ciki ko tana jego.

Aiki

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: zuciya, haki, kumburi, kanwa, ƙirji.
2. Wace lamba ce ta nuna hawan jini: 11/7, 12/8 ko 16/10? Sake rubuta kowace da sifirinta.
3. Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ta zama uwar miji, ɗaya ta zama maƙwabciya, ku gwada yadda za a roƙi Inna cikin ladabi ta yarda a kai mai jego likita.
4. Kafin darasi mai zuwa, ki je likitar unguwarku a auna ki, ki rubuta lambar da kwanan wata da hannunki a shafin ƙarshe na littafinki, ki zo mana da shi.