Babi na 9: Ci da Tazara Don Rage Ƙiba

Iyayena da yayyena, barkanmu da sake haɗuwa. A wannan babi za mu koyi tsarin da ake kira ci da tazara. Mutum zai ware wasu awoyi da zai ci abinci a cikinsu, sauran awoyin kuma ya kame bakinsa. Ku tanadi agogo ko waya mai nuna lokaci, da biro, da littafin rubutu, da dogon zare.

Wannan ba azumin ibada ba ne. Babu sahur, babu jiran kiran magariba, kuma ana shan ruwa.

Darasi na 1: Waɗanda za su dakata

Mai juna biyu da mai shayarwa, wannan tsari ba naku ba ne. Haka yara masu tasowa, da tsoho mai rauni, da wanda dama ramamme ne. Mai gyambon ciki da mai sikila kada su fara sai likita ya yarda.

Mai ciwon sukari ya saurara da kyau. In kana allurar insulin, ko kana shan ƙwayar da ke sauke sukari irin su Daonil, zama da yunwa zai iya kayar da sukarin jininka har ka suma. Alamominsa su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri da gani dishi-dishi. Duk wanda ya ji haka ya sha abu mai zaƙi nan take, a kai shi asibiti. Kada ka canza lokacin shan magani da kanka. Ɗauki katinka ka je ka tambaya.

Darasi na 2: Ƙirga awoyi

A nan mutane suka fi tuntuɓe, saboda haka za mu tafi a hankali. Kada kowa ya ji kunya.

Lissafi yana farawa ne daga lomar ƙarshe. Ba daga lokacin da ka kwanta ba, ba daga asuba ba. Da ka ci lomar ƙarshe, wanke hannu, dubi agogo, rubuta lokacin a littafi.

Misali, ka gama tuwon dare ƙarfe 8. Ɗaga yatsa ɗaya ka ce ƙarfe 9, awa ɗaya. Ƙarfe 10, awa biyu. Ku lura, ba a ƙirga 8 ɗin kanta. A kanta ka tsaya, ba ka tafi ko'ina ba tukuna. Da yawa kan ɗaga yatsan farko a kan 8, sai lokacin kame bakinsu ya ragu da awa guda ba su sani ba.

Ga hanya mafi sauƙi. Lambar da ka rubuta da dare, in ta sake zagayowa da safe, awa 12 ke nan. Ƙarfe 8 na dare zuwa ƙarfe 8 na safe, awa 12. Ƙara awa 2, ƙarfe 10 ta yi, awa 14. Ƙara wasu 2, ƙarfe 12 na rana, awa 16. Daga 12 na rana zuwa 8 na dare kuma lokacin cinka ne, awa 8. Wannan ne ake rubutawa 16:8 a waya.

Kada ku fara da 16. Mako na farko ku tsaya a 12, mako na biyu 14, in jiki ya karɓa sannan 16. Wanda ya ga 14 ce ta yi masa daidai ya zauna a kanta, bai gaza ba.

Me ya sa awoyin suke da muhimmanci? Hanta tana ajiye ɗan sukari kamar hatsin da ke cikin kwarya a ɗaki, kitsen jiki kuwa shi ne rumbu. Ba a cika buɗe rumbu ba sai na kwarya ya yi ƙasa, kuma hakan kan ɗauki wajen awa 12 ko fiye. Iyakar bayanin da kuke buƙata ke nan.

Mu sake. Ka gama ci ƙarfe 7 na dare. Awa 12 za ta cika ƙarfe 7 na safe. Ƙara 4. Ƙarfe 11 za ka ci. Madalla.

Yanzu ga wadda ke kayar da mutane. Ka gama tuwo ƙarfe 8, ka rubuta. Bayan isha'i ka fita hira, ka tsaya wurin mai shayi, aka haɗa maka mai kauri da burodi, ka tashi ƙarfe 10 da rabi. Wace ce lomar ƙarshe? Ta wurin mai shayi. Soke 8 ɗin nan, rubuta 10 da rabi. Awa 16 ɗinka sai ƙarfe 2 da rabi na rana. Inna, ke ma haka: in kin ɗanɗana ragowar abincin yara kina kwashe kwanuka ƙarfe 9, to 9 za ki rubuta, kuma sai ƙarfe 1 na rana.

Aiki: rubuta lokacin da awa 16 za ta cika in lomar ƙarshe ta kasance ƙarfe 6 na yamma, da ƙarfe 7 da rabi, da ƙarfe 9 da rabi. Wanda ya rikice ya koma farkon darasin. Komawa ba laifi ba ne.

Darasi na 3: Abin da ake sha a lokacin kame baki

Ruwa, ku sha shi sosai, musamman lokacin bazara. Wasu kan ƙi sha saboda sabo da azumin watan Ramadan, sai su wuni da ciwon kai su ce tsarin ne bai karɓe su ba, alhali ƙishirwa ce. Ruwan bunu marar sukari ya halatta, haka zoɓo in ba a sa masa komai ba.

Koko, kunu, fura, lemon kwalba, shayi da madara, zuma, dabino, alewa, duk abinci ne. Goro ma a bar shi sai lokacin ci.

Kullum sai wani ya ce mini, “Malam, ai shayi ba abinci ba ne.” Haba, Alhaji! Madara cokali uku, sukari cokali huɗu, ga burodi, in wannan ba abinci ba ne mene ne? Na faɗa a darasi na 2, ina kuma faɗa: duk abin da ya shiga baki mai zaƙi ko mai maiƙo ya zama lomar ƙarshe, a soke lokacin da aka rubuta, a rubuta sabo. Ku da kuke yaudarar littafi, ni ba abin da zan rasa. Wandon ne dai ba zai daina matse ku ba.

Darasi na 4: Abin da ake ci

Awa 8 ta ci ba lokacin ramuwar gayya ba ce. A shekarar 2022 likitoci a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 139 masu ƙiba har shekara guda. Duka an rage musu abinci, amma rabinsu sai daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma suke ci. Waɗannan sun rage wajen kilo 8, sauran wajen kilo 6, kuma masu binciken suka ce bambancin bai kai a dogara da shi ba. Wato rage cin ne ke aikin, agogo yana taimaka maka ne ka rage.

Saboda haka malmala ɗaya maimakon biyu, miya da ganye su yi yawa: kuka, zogale, alayyahu, kuɓewa. A haɗa da wake, ƙwai, kifi ko awara, sun fi riƙe ciki. A rage soye-soye da lemo.

Darasi na 5: Awo

Auna tsawonka da zare daga kai zuwa ƙasa, ka naɗe shi gida biyu, ka zagaya cikinka da shi ɗan sama da cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, teɓa ta yi yawa. Sikeli kuma sau ɗaya a mako, da safe. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa.

Darasi na 6: Tsarin kwana biyu

Akwai kuma 5:2, wanda wani likitan Ingila, Michael Mosley, ya yayata a BBC a 2012. Kwana biyar a ci yadda aka saba, kwana biyu a ci kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ba za mu shiga cikinsa ba, tunda har yanzu ana fama da ƙirga awa.

Mako mai zuwa kowa ya zo da littafinsa, da lokacin lomar ƙarshe na dare bakwai a rubuce, har da ta wurin mai shayi.