Idan Ranar Tafiya Ta Gusa: Shawara Ga Malamin Da Zai Je Koyarwa A Jamus

Malamin jami'a da aka gayyata ya koyar a Bayreuth ko Hamburg ko Kolon, inda ake nazarin harsunan Afirka, ba kasafai yake tashi a ranar da ya fara sawa ba. Wani sa'in biza ce take jinkiri, wani sa'in kuma yajin aiki ne ya ture jarrabawa a jami'arsa ta gida. Abin lura shi ne, ranar tafiya kaɗai take gusawa. Sauran ranakun da aka ɗaura a kanta suna nan daram har sai ya bi su da kansa.

A yawancin jami'o'in Jamus ana shiga aji daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu, sannan daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, kuma ba a ɗaga wannan kalanda don baƙo, komai girman muƙaminsa. Saboda haka, ranar da malami ya ga alamar jinkiri, a ranar ya kamata ya rubuta wa wanda ya gayyace shi. Kawaicin da muka saba da shi, na jira sai komai ya tabbata kafin a yi magana, a can yana iya zama saɓa alkawari a idonsu. Idan ya yi magana da wuri, akwai mafitar da suke kira Blockseminar, wato a dunƙule darussan zangon a 'yan kwanaki jere, ɗalibai su sami hakkinsu.

Biza ita ce inda aka fi yin tuntuɓe. Ta Schengen, wato bizar gajeren zama a yawancin ƙasashen Turai, kwana 90 take bayarwa cikin kwana 180, kuma ranar ƙarewar da aka buga a fasfo ba ta matsawa don mutum ya iso a makare, ba a kuma tsawaita ta sai da lalura mai ƙarfi. Wanda zai koyar zango cikakke biza mai dogon wa'adi yake buƙata, wadda ake kira D. Inshorar lafiya, wadda ga bizar Schengen dole ta iya ɗaukar nauyin magani na akalla Yuro 30,000, ita ma sai an gyara kwanakinta.

Kada malami ya bar jirgin zuwa ya tashi ba tare da ya sauya tikitinsa ba, domin kamfanoni sukan soke na dawowa gaba ɗaya. Idan kuwa kamfanin wata ƙasar Tarayyar Turai ne ya soke jirgi daga Abuja ko Legas a ƙurarren lokaci, dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 tana iya ba shi diyyar Yuro 600, sai dai in dalilin ya fi ƙarfin kamfanin.

Masauki kuma wata-wata ake biyansa, ko an shiga ko ba a shiga ba, don haka a sanar da masu gidan baƙi da wuri. Bayan shiga gida, doka ta ba da mako biyu a yi rajistar adireshi, tare da takardar mai gida, kuma da wannan rajista ake samun lambar haraji da albashi yake buƙata.

Jinkirin zuwa yakan jawo jinkirin dawowa, alhali izinin da jami'ar gida ta bayar yana da ranar komawa aiki. Malami ya nemi ƙarin wa'adi a rubuce ta hannun shugaban sashe zuwa ofishin magatakarda tun kafin ya tashi, domin amincewar baki ba ta shiga fayil.